Althea Gibson, Gwarzuwar Wasan Tanis

Ɗalibai, wataƙila kun taɓa kallon wasan tanis a talabijin, kun ga Serena Williams ko yayarta Venus ta ɗaga kofi, dubban mutane suna tafi. Mai yiwuwa ba ku yi mamaki ba, domin a yau ganin baƙar mace a babban filin tanis ba baƙon abu ba ne. Amma an yi zamanin da baƙar fata ba ya shiga irin waɗannan wurare a Amurka sai a matsayin ma'aikaci. A wannan darasi za ku karanta tarihin matar da ta fara shiga a matsayin 'yar wasa, ta kuma fito da kofi. Sunanta Althea Gibson. Yayin da kuke karatu, ku lura da abubuwa biyu. Na farko, mutanen da suka tallafe ta har ta kai inda ta kai. Na biyu, abin da ta samu da abin da ta rasa bayan ta zama gwarzuwar duniya.

Yadda ake wasan

Kafin mu shiga labarin, ya kamata ku san yadda ake wasan. Ana yin tanis a kan shimfiɗaɗɗen fili, wanda aka raba biyu da raga. Kowane ɗan wasa yana riƙe da madoki, yana buga ƙaramar ƙwallo ta haye raga ta faɗa ɓangaren abokin karawarsa. Akwai wasan ɗai-ɗai, akwai kuma wasan bibbiyu. Ana kasa karawa turmi-turmi, kamar yadda ake yi a dambe, kowane turmi kuma ya ƙunshi ƙananan wasanni. Wanda ya riga cin ƙananan wasanni 6, da ratar 2 aƙalla, shi ya ci turmin. A karawar mata, wadda ta ci turmi 2 ita ce ta yi nasara. A zamanin Althea, in an yi kunnen doki, sai a yi ta bugawa har sai an sami ratar 2. Shi ya sa nan gaba za ku ga sakamako irin 12 da 10.

Manyan gasannin tanis na duniya huɗu ne: ta Ostireliya, da ta Faransa, da ta Wimbledon a Ingila, da ta Amurka. Ta Wimbledon ce mafi daɗewa, domin an fara ta tun shekarar 1877.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Althea Gibson ranar 25 ga Agusta, 1927, a wani ƙauye mai suna Silver, a jihar South Carolina da ke kudancin Amurka. Sunan mahaifinta Daniel, mahaifiyarta kuma Annie Bell. Manoman auduga ne, amma gonar ba tasu ba ce. Sukan noma ta, in kaka ta yi a raba amfanin da mai gona. Ko a shekarar albarka abin da ke zuwa hannunsu kaɗan ne, balle a shekarun da farashin auduga ya faɗi. A shekarar 1930 iyalin suka yi ƙaura zuwa Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York. A can aka haifi ƙannenta huɗu.

Kada ku ɗauka Althea yarinya ce mai natsuwa. Ta ƙi jinin zama a aji. Takan gudu daga makaranta ta yini a gidan silima ko a filin ƙwallon kwando. Mahaifinta ya koya mata dambe, ta kuwa iya, har yaran unguwa maza suna shakkarta. Mutum ne mai zafin hannu, saboda haka wani lokaci tsoron duka yakan hana ta komawa gida, ta kwana tana zagaya gari a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Har ta taɓa zama a gidan kula da yara. Tana da shekara 13 ta bar makaranta. Daga baya ta yi ƙananan ayyuka iri-iri, kamar figar kaji da rarraba wasiƙu, amma ba ta cika daɗewa a wuri ɗaya ba.

Duk wanda ya ga yarinyar a lokacin zai ce ƙarshenta ba zai yi kyau ba. Abin da ya sauya hanyarta yana nan a ƙofar gidansu.

Daga titi zuwa fili

Gidansu yana kan titi mai lamba 143. Da rana akan tare wannan titi, a hana motoci wucewa, domin yara su sami wurin wasa a ƙarƙashin kulawar ƙungiyar wasanni ta 'yan sanda. Cikin wasannin da ake yi akwai wani ƙaramin tanis da ake bugawa da madokin katako a kan kwalta. Althea ta ƙware a kansa, har a shekarar 1939, tana da shekara 12, ta zama zakarar mata ta birnin New York.

Wani mawaƙi mai suna Buddy Walker, wanda yake kula da yaran titin, shi ya fara lura da ita. Ya samo mata madokin tanis na gaske, ya sa ta buga ƙwallo a jikin bango. Da ya ga ƙarfin hannunta sai ya nemi a gwada ta a kulob ɗin Cosmopolitan, inda masu hali daga cikin baƙaƙen fatar Harlem suke wasa. Iyayenta ba su da kuɗin rajista. Mutane suka yi karo-karo suka biya mata. Wanda ya fara horar da ita a can shi ne Fred Johnson, malamin tanis mai hannu ɗaya.

Koyon bugu bai ba ta wuya ba. Abin da ya ba ta wuya shi ne ladabin wasan. Tanis wasa ne na fararen tufafi da sassauta murya, wanda aka kayar kuma dole ya je bakin raga ya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu. Yarinyar da ta saba rama kaye da naushi sai da ta ɗauki lokaci kafin ta saba da wannan.

A wancan zamani baƙaƙen fata suna da tasu ƙungiyar tanis, wadda aka kafa a 1916, ana taƙaita sunanta da ATA. Sun kafa ta ne domin babbar ƙungiyar ƙasa ba ta karɓarsu. Althea ta ci gasar 'yan mata ta ƙasa ta ATA a 1944 da 1945. A 1946 ta shiga sahun manya, ta kai wasan ƙarshe, aka cinye ta. Wannan rashin nasara kuwa ya zamar mata alheri, saboda wasu mutum biyu da ke zaune cikin 'yan kallo.

Likitoci biyu

Mutanen nan biyu likitoci ne baƙaƙen fata, masu son tanis. Ɗaya shi ne Dokta Hubert Eaton na garin Wilmington a jihar North Carolina. Ɗayan kuma Dokta Walter Johnson na garin Lynchburg a jihar Virginia. Kowannensu yana da filin tanis a gidansa. Sun daɗe suna neman matashin da zai iya karawa da gwanayen fararen fata, sai ga shi sun gani a jikin wannan doguwar budurwa. Suka yi niyyar nema mata jami'a, sai suka tarar ko sakandare ba ta gama ba.

Ga shawarar da suka yanke. Lokacin karatu za ta zauna a gidan Dokta Eaton tare da iyalinsa, ta koma makaranta. Lokacin hutu kuma ta tafi wurin Dokta Johnson, ya horar da ita, ya riƙa kai ta gasa a motarsa. Shahararren ɗan damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa Edna Mae, waɗanda suka riƙe ta kamar ƙanwarsu a Harlem, suka ƙarfafa mata gwiwa ta karɓa.

Ku auna wannan a ranku. Budurwa 'yar shekara 19, wadda ta saba da 'yancin babban birni, ta koma aji ta zauna da yaran da ta girme su nesa. Ga shi kuma ta koma kudu, inda wariyar launin fata doka ce. In ta shiga bas, kujerun baya ne nata. Makarantarta, Williston, ta baƙaƙen fata ce zalla. Ta jure duk wannan, ta kammala sakandare a 1949 tana daf da cika shekara 22. Daga nan ta sami gurbin karatu kyauta a jami'ar Florida A&M, ta gama a 1953. A fagen wasa kuwa, daga 1947 zuwa 1956 ita ta riƙa cin kofin mata na ATA, shekara goma a jere.

Ƙofar Forest Hills

A cikin ATA dai babu sauran mai ja da ita. Abin da ya rage shi ne babbar gasar Amurka, wadda a lokacin ake yi a Forest Hills, cikin New York. Babu inda aka rubuta cewa an hana baƙar fata shiga. Dabarar da aka yi ta fi haka wayo. Ba a gayyatar ɗan wasa Forest Hills sai ya nuna bajinta a ƙananan gasannin da ake yi a filayen ciyawa. Waɗannan gasanni kuwa kulob-kulob na fararen fata ne ke shirya su, su ke kuma zaɓen wanda za su gayyata. Ba su gayyaci Althea ba. Sai aka ce ba a ga wasanta ba, don haka ba za a iya kiranta ba.

Wadda ta tona wannan dabara farar fata ce, Alice Marble, wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu, ta kuma ci Wimbledon a 1939. A watan Yuli na 1950 ta rubuta wasiƙa a wata mujallar tanis, ta kunyata shugabannin wasan. Ta nuna cewa in ana shakkar iyawar Althea, wurin gwadawa shi ne fili, kuma hana ta shiga saboda launin fatarta abin kunya ne ga wasan baki ɗaya. Maganar tsohuwar gwarzuwa ba ta yiwu a share ta ba. Wani kulob a jihar New Jersey ya gayyaci Althea, bayan haka takardar gayyata ta zo daga Forest Hills.

A ƙarshen watan Agusta na 1950, kwanaki kaɗan bayan ta cika shekara 23, ta zama baƙar fata ta farko da ta buga a wannan gasa. Ta cinye Barbara Knapp ta Ingila a zagayen farko. A zagaye na biyu ta haɗu da Louise Brough, wadda a lokacin take riƙe da kofin Wimbledon. Brough ta ci turmin farko 6 da 1. Althea ta farfaɗo ta ci na biyu 6 da 3. A turmi na uku tana gaba da 7 da 6, saura ƙaramin wasa ɗaya ta kayar da gwarzuwar duniya, sai hadari ya taso. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, aradu ta faɗa kan wani mutum-mutumin gaggafa na dutse da ke saman ginin filin, ta jefo shi ƙasa. Aka dakatar da wasa. Washegari da aka dawo, Brough ta huta ta dawo hayyacinta, ta ci ƙananan wasanni uku a jere, ta yi nasara da 9 da 7. An fitar da Althea, amma daga ranar ba wanda ya sake cewa ba a ga wasanta ba.

Shekarun jira

Wataƙila kuna zaton daga nan sai nasara. Ba haka aka yi ba. A 1951 ta ci gasar Karibiyan a ƙasar Jamaika, ta kuma buga a Wimbledon karon farko, aka fitar da ita a zagaye na uku. A 1953 ta kai matsayi na bakwai cikin matan Amurka, sannan ta soma ja da baya. Sau da yawa takan je gasa a bar ta ta yi wasa, amma a hana ta ɗaki a otal ɗin da sauran 'yan wasa suka sauka. Bayan ta gama jami'a ta kama aikin koyar da motsa jiki a jami'ar Lincoln da ke jihar Missouri. Har ta fara shirin barin tanis ta shiga aikin soja.

Abubuwa biyu suka tsayar da ita. Na farko, wani direban tasi ɗan asalin Jamaika mai suna Sydney Llewellyn, wanda yake koyar da tanis a Harlem. Shi ya gyara mata riƙon madoki, ya kuma nace cewa za ta iya zama ta ɗaya a duniya. Na biyu, a ƙarshen 1955 Ma'aikatar Harkokin Waje ta Amurka ta tura ta rangadin sada zumunci a Asiya tare da 'yan wasa uku fararen fata. Suka zagaya Indiya da Pakistan da Bama da Tailan da Silon, wadda yanzu ake kira Sri Lanka. Gwamnatin tana so ne ta nuna wa duniya cewa baƙar fata yana da daraja a Amurka, alhali a gida ba a daina wariya ba. Althea ta san da haka. Duk da haka tafiyar ta amfane ta, domin ta yi makonni tana wasa a gaban 'yan kallo masu ƙaunarta, ta dawo da ƙarfin zuciyar da ta rasa. Da rangadin ya ƙare ba ta koma gida ba. Ta ci gaba da shiga gasa a Asiya da Turai, ta shiga 18, ta ci 16.

Shekaru uku na nasara

A watan Mayu na 1956, a birnin Faris, ta kayar da Angela Mortimer ta Ingila da 6 da 0, da 12 da 10. Da haka ta zama baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu. A wasan bibbiyu kuma ta haɗu da wata 'yar Ingila mai suna Angela Buxton. Buxton Bayahudiya ce, ita ma ta sha wariya a kulob-kulob na tanis. Su biyun da sauran 'yan wasa ba su cika jan su a jiki ba suka zama aminai, suka ci kofin bibbiyu a Faris, suka sake ci a Wimbledon a shekarar. Ku riƙe sunan Buxton, za ku sake haɗuwa da shi.

Althea doguwa ce, tsawonta ya kai mita 1.80. Bugunta na farko yana da ƙarfi ƙwarai, kuma da ta buga sai ta ruga bakin raga ta tare ƙwallo kafin ta taɓa ƙasa. Wannan salo ya dace da filin ciyawa, inda ƙwallo take gudu. Ranar 6 ga Yuli, 1957, cikin tsananin zafi, ta kayar da Darlene Hard da 6 da 3, da 6 da 2, a wasan ƙarshe na Wimbledon. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta miƙa mata kyautar da hannunta. Da ta koma New York aka yi mata gagarumar tarba, aka zagaya da ita a buɗaɗɗiyar mota, mutane suna watso ƙananan takardu daga benaye. Kafin ita, baƙar fata ɗaya ne birnin ya yi wa irin wannan tarba, wato ɗan tseren nan Jesse Owens.

A watan Satumba na shekarar ta koma Forest Hills ta kai wasan ƙarshe. Abokiyar karawarta kuwa ita ce Louise Brough, wadda hadari ya cece ta shekara bakwai baya. Wannan karo Althea ta yi nasara da 6 da 3, da 6 da 2. A 1958 ta sake cin Wimbledon, ta sake cin gasar Amurka. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwarzuwar 'yan wasa mata ta shekara a 1957 da 1958. Jimillar manyan kofunanta 11: biyar na ɗai-ɗai, biyar na bibbiyun mata, ɗaya na bibbiyun mace da namiji.

Ba kowa ya gamsu da ita ba, har cikin 'yan uwanta. Wasu jaridun baƙaƙen fata sun zarge ta da ƙin fitowa ta yi magana a kan wariya. Ita kuwa tana ganin aikinta shi ne ta ci wasa, cin wasan kuma ya isa hujja. Wannan batu ne da za ku iya tattaunawa a aji.

Ga suna, babu kuɗi

A ƙarshen 1958, tana da shekara 31, tana kuma kan ganiyarta, Althea ta daina shiga manyan gasanni. Dalili shi ne talauci. A wancan zamani ba a biyan ko sisi ga wanda ya ci Wimbledon ko gasar Amurka. Gasanni ne na 'yan sha'awa, ana ba su kuɗin tafiya da masauki kawai. Duk wanda ya karɓi kuɗi don wasa kuwa an hana shi shiga. Tsarin ya dace da 'ya'yan masu hali. Bai dace da 'yar manomin auduga ba, wadda take da kofuna jibge a ɗaki amma kuɗin haya yana ba ta wuya.

Sai ta shiga neman abin kai wa baki. Ta wallafa littafin tarihin rayuwarta a 1958. Tana da murya mai daɗi, ta fitar da faifan waƙa a 1959, bai yi kasuwa ba. A shekarar ta fito a wani fim tare da John Wayne, a matsayin baiwa, amma ta ƙi yin magana da gurɓataccen Turancin da aka rubuta mata, domin ta ga an yi shi ne don a wulaƙanta baƙaƙen fata. Daga nan ta mai da tanis sana'a. Ta bi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Harlem Globetrotters gari-gari, tana karawa da Karol Fageros kafin a fara wasansu. A 1960 ta ci gasar ƙwararru a birnin Cleveland, ladanta duka dala 500.

Da ta ga tanis ba zai riƙe ta ba, sai ta koma ƙwallon lambu, wato golf. A 1964 ta sami cikakken izinin shiga gasannin ƙwararrun mata, ita ce kuma baƙar mace ta farko da ta samu. A nan ma ta tarar da abin da ta baro. Wasu kulob-kulob sukan bar ta ta yi wasa amma su hana ta shiga ɗakin sauya tufafi, sai ta sauya a cikin motarta. Mafi kyawun sakamakonta shi ne zuwa ta biyu a wata gasa a jihar Ohio a 1970. Duk abin da ta samu a golf cikin shekaru fiye da goma bai kai dala 25,000 ba.

A 1968 aka sauya doka, aka fara ba da kyautar kuɗi a manyan gasannin tanis. Lokacin Althea ta haura shekara 40. Sauyin ya zo mata a makare da shekara goma.

Ƙarshen rayuwa

Ta zauna a jihar New Jersey, tana koyar da yara tanis. A 1971 aka sanya sunanta a zauren karrama gwanayen tanis na duniya. A tsakiyar shekarun 1970 aka naɗa ta kwamishinar wasanni ta jihar, amma ta ajiye aikin ba da daɗewa ba, domin ta ga muƙamin ba shi da iko kuma ba shi da isasshen kuɗin aiki. Ta yi aure sau biyu, da William Darben sannan da tsohon malaminta Sydney Llewellyn, ba ta haihu ba.

A 1992 ta kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta tara. Mace ce mai jin kunyar roƙo, saboda haka ta kulle kanta a gida, ba ta son a ga halin da take ciki. A tsakiyar shekarun 1990, da abin ya kai mata iya wuya har ta fara yanke ƙauna da rayuwa, ta buga wa Angela Buxton waya. Buxton ta sa aka buga labarin halin da take ciki a wata mujallar tanis. Wasiƙu ɗauke da kuɗi suka riƙa zuwa daga ƙasashe daban-daban, har aka ƙiyasta abin da aka tara ya kusa dala miliyan ɗaya. Kamar yadda karo-karo ya shigar da ita kulob tana yarinya, haka karo-karo ya rufa mata asiri da tsufa. Ta rasu ranar 28 ga Satumba, 2003, a garin East Orange, tana da shekara 76.

Waɗanda suka biyo baya

Dokta Johnson, wanda ya horar da ita, shi ya horar da Arthur Ashe, baƙar fata namiji na farko da ya ci gasar Amurka a 1968 da Wimbledon a 1975. A ɓangaren mata kuwa an daɗe ana jira. Sai a 1999 wata baƙar fata 'yar Amurka ta sake cin gasar ƙasar, wato Serena Williams, shekara 41 bayan Althea. A shekarar 2000 Venus Williams ta ci Wimbledon. Althea tana raye ta ga duka biyun. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a harabar da ake yin gasar Amurka a yanzu, kusa da babban filin da ke ɗauke da sunan Arthur Ashe.

Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku koma baya ku ƙirga hannuwan da ke cikin wannan labari: mawaƙi, da malami mai hannu ɗaya, da likitoci biyu, da ɗan dambe da matarsa, da tsohuwar gwarzuwa, da direban tasi, da aminiya daga Ingila. Sannan ku tuna cewa babu ɗayansu da ya zauna mata a aji tana da shekara 19, ko ya riƙe mata madoki a Forest Hills.

Ma'anar kalmomi

Gwarzuwa: mace jaruma, wadda ta fi saura.
Madoki: abin da ake bugun ƙwallo da shi.
Kunnen doki: sakamakon da ya zo daidai, ba wanda ya fi wani.
Zafin hannu: saurin kai duka.
Karo-karo: kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa domin a biya wata buƙata.
Aradu: tsawa mai faɗowa ƙasa ta yi ɓarna.
Rangadi: zagaya wurare da yawa a tafiya ɗaya.
Ganiya: lokacin da mutum yake kan ƙarfinsa.
Rufa asiri: taimaka wa mutum don kada ya tozarta.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Althea Gibson, kuma me ya sa iyayenta suka yi ƙaura?
2. Wane shiri likitocin nan biyu suka yi mata?
3. Ta wace dabara aka hana baƙaƙen fata shiga gasar Forest Hills ba tare da an rubuta doka ba?
4. Ku bayyana abin da ya faru a karawarta da Louise Brough a 1950, da abin da ya faru a 1957.
5. Me ya sa ta bar manyan gasanni tana kan ganiyarta?
6. Wace rawa Angela Buxton ta taka a rayuwarta, da farko da kuma ƙarshe?

Aiki

1. Ku yi amfani da kowane ɗaya daga cikin waɗannan a jimla: kunnen doki, ja da baya, kamar da bakin ƙwarya, yanke ƙauna.
2. Ku rabu gida biyu a aji ku yi muhawara a kan wannan: shin ya wajaba shahararren ɗan wasa ya yi magana a kan zaluncin da ake yi wa mutanensa, ko nasararsa ta isa?
3. Kowa ya rubuta sakin layi biyu game da wani mutum da ya taɓa taimaka masa a karatu ko a wasa.